Kujerar Dorothea

Da suka ce kujera, na zaci ta katako ce,
har na tambayi lauya ko za a lulluɓe ta da fata.
Ya yi murmushi, ya tura tabarau bisa hanci:
"Malam Haskovec, ba a zama a kanta.
Suna ne, da albashi, da kuɗin bincike."
Na ce a yi mini afuwa,
ni abin da na sani shi ne masara.

Eka ɗari shida a gefen kogin Platte,
shekara arba'in da ɗaya muna juya ta, ni da Dorothea.
Ita ke riƙe da littafin lissafi,
ita ke jin ruwa a gwiwarta tun hadari bai haɗu ba.
Tarin ya kama ta bayan mun rushe tsohon akurkin kaji,
wata Talata, gab da saukar ƙanƙara.

Likitan huhu ya ce daji ne, ya dawo ya ce tarin fuka,
wata bakwai ana sauya ƙwaya.
Sai da muka rufe ta sakamako ya iso cikin ambulan:
fumfuna ce, 'yar mitsitsiya,
mai kwana a ƙasar da kashin kaji ya daɗe.
A jami'ar nan akwai wanda ya san ta tun yana saurayi,
masanin ƙasa, tagarsa na kallon asibitin.
Na auna da ƙafata:
taku ɗari biyu da tara.

Ba su taɓa shan shayi tare ba.
Wannan ya san huhu, wancan ya san turɓaya,
kowa na gadin bakin rijiyarsa,
matata ta mutu da ƙishi a tsakani.
Ban zagi kowa ba.
Na sayar da gonar bara.

Sharaɗi ɗaya na sa a takarda:
kada a ba wanda bai taɓa tsallaka titin nan ba.
Suka ce uwar kuɗin ba a taɓa ta, sai abin da ta haifa.
Wannan kam ban nemi bayani ba.
Ko a shekarar fari, tukunya na kuka,
mahaifina bai kwance buhun iri ba,
yana rataye can sama, nesa da ɓera da gara.

Yau aka yi bikin.
Kwat ta matse ni a hammata,
shugaban cibiya ya karya sunanmu sau biyu,
aka rataya wa Farfesa Renata Okabe lambar tagulla.
Da lissafi ta soma, in ji su,
lissafi ya kai ta ga iska, iska ta kai ta ga ƙura,
ƙura ta shigar da ita ƙirjin mutane.
Ɗalibanta na bayanta: injiniya, likitar dabbobi,
da wani dogo mai kwamfuta da bai taɓa riƙe shebur ba,
suna gardama ƙasa-ƙasa har ana tsakiyar tafi,
ita ko juyowa ba ta yi ba, ta saba da ƙara.

Bayan an watse ta hau da ni bene na uku.
"Matacciya ce, kada ka ji tsoro. Sa idonka nan."
Na duba cikin madubin.
Zare-zare, fara sol, da 'yan ƙulle-ƙulle kamar saƙar hannu,
irin wadda Dorothea ke yi wa bakin labule.
Kyanta ya ba ni haushi.
Na ce, "Za ku gama da ita?"
Ta ce, "Ban sani ba.
Ina dai so likita ya koyi tambaya ɗaya:
wace ƙasa kika tona kwanan nan?
Ko wannan ma yanzu muka fara."

A ofishinta kujera ɗaya ce tak,
takardu sun danne ta, da takalmin shiga taɓo.
Ta kwashe su, ta ce in huta.
Na zauna.
Ta katako ce, ashe,
ƙafarta ta hagu na rawa.
Na ce mata ran Litinin zan shigo gari,
zan taho da guduma in gyara.